Ɗan fasto ya juya wa coci baya: duka, makarantar kwana, ko ajiye aiki?

Tambayar ta fito daga wani fasto da ke riƙe da ikilisiya a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya ce ɗansa na fari, mai shekara 15, ya fita daga ƙungiyar mawaƙa, a sujadar gida ba ya buɗe baki, kuma an sha ganinsa a gidan kallon ƙwallo lokacin sujadar yammacin Lahadi. A zaman dattawa wani dattijo ya buɗe 1 Timoti 3:5 ya karanta, ya rufe littafinsa bai ƙara ko kalma ba. A gida kuma uwargida ta ce masa yaran sun fi ganinsa a kan bagade fiye da tsakar gida. Yana tambaya: ya sa wa yaron bulala, ko ya tura shi makarantar kwana, ko kuwa shi ne ya kamata ya ajiye aikin?

Ɗan'uwana Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Cikin ukun nan da ka lissafa babu wadda zan ce ka yi. Dukansu hanyoyi ne na kawar da abin kunya daga idon jama'a, yaron kuwa ba abin kunya ba ne, ɗanka ne. Abin da na gani cikin wasiƙarka shi ne yaro mai fasto a gida amma yana ƙarancin uba, kuma wannan yana gyaruwa.

Bari mu fara da dattijon. Ko da wace niyya ya karanta ayar, ya yi maka alheri, domin ayar tana bayanka fiye da yadda take bayansa. Bulus ya ce mai kula da ikilisiya sai ya zama mai iya riƙon gidansa, 'ya'yansa suna yi masa biyayya da ladabi, sa'an nan ya yi tambaya: wanda bai iya riƙon gidansa ba, yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Ka lura da inda ya ajiye gida. Ya sa shi cikin sharuɗɗan aikin, tun kafin a ɗora wa mutum hannu. Ke nan lokacin da ka zauna da ɗanka ba satar lokacin ikilisiya ka yi ba, aikin da aka kira ka ne kake yi. Ikilisiyar da ta cinye maka yammacin kwana bakwai na mako sa'an nan ta zo tana karanta maka wannan aya, tana neman amfanin gonar da ita ce ta hana ka nomewa.

Na san sunan da ke yawo a ranka da dare: Eli. Kowane fasto da ɗansa ya kauce sai ya tuna da shi. Amma ka koma ka karanta 1 Sama'ila sura 2 da 3 a natse. 'Ya'yan Eli, Hofni da Finehas, manya ne, firistoci ne, suna ƙwace naman hadaya da ƙarfi, suna lalata da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Laifin Eli shi ne ya sani bai hana ba, ya girmama 'ya'yansa fiye da Ubangiji, ya bar su a kan aiki. Ina wannan, ina yaro ɗan aji ɗaya na babbar sakandare da ya tafi kallon Arsenal? Kusa da labarin Eli kuma akwai na Sama'ila, wanda ba mu cika wa'azi a kai ba. 'Ya'yansa Yowel da Abaija sun yi alƙalanci a Biyasheba, suka karɓi hanci, suka karkata shari'a, har jama'a suka sami hujjar neman sarki. Littafi bai ɗora wa Sama'ila laifin ba, Allah bai tsige shi ba. Ya dai gaya mana cewa kowace shekara yana zagaya Betel da Gilgal da Mizfa kafin ya koma gidansa a Rama. Ni dai duk sa'ad da na karanta wurin nakan yi tunanin waɗanda aka bari a Rama. Abin da labaran biyu suka nuna tare shi ne, Allah zai tambaye ka abin da ka yi da abin da ka ƙi yi, amma zuciyar yaro ba a hannunka take ba. Masu cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba sun manta cewa bangaskiya ba a gadonta ta jini.

Wannan tunani na cewa bawan Allah na gaske shi ne wanda gidansa bai san inda yake ba, yana da tarihi a wurinmu. Waɗanda suka kawo mana bishara, 'yan mishan na SIM daga 1893, na SUM a Wase a 1904, na Ikilisiyar 'Yan'uwa a Garkida a 1923, sun biya da rayukansu, da yawa sun binne mata da 'ya'ya a wannan ƙasa, kuma ba mai raina wannan sai marar godiya. Amma tsarin aikinsu ya raba su da yaransu. An buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, bayanta Kent Academy a Miango, kuma akwai yaran da aka kai makarantar kwana suna 'yan shekara shida domin iyaye su koma bakin aiki. Da yawa cikin yaran nan da suka girma sun faɗi irin ciwon da rabuwar ta bar musu. Tun kafin su, ɗan mishan David Livingstone ya sa matarsa Maryamu da yara a jirgi zuwa Birtaniya a 1852 ya shiga tsakiyar Afirka, daga baya shi da kansa ya rubuta nadamar rashin ware lokacin wasa da 'ya'yansa sa'ad da suke ƙanana. Masu bishararmu na farko sun ga wannan a wurin malamansu, suka ɗauka shi ne ma'aunin sadaukarwa, ga kuma talauci a kai. Mu muka gada. Sadaukarwar abin koyi ce, rabuwar ba dole ba ce. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata iyayensu su samu sun riga sun keɓe wa Allah. Bai yarda a fake da sunan Allah a tauye hakkin gida ba. In bai yarda a yi wa iyaye haka ba, ban ga yadda zai yarda a yi wa 'ya'ya ba.

To, ka ɗauki takarda ka rubuta makonka yadda yake da gaske. Addu'ar asuba, Zumuntar Mata da ake so ka buɗe da addu'a, addu'ar tsakiyar mako, nazarin Littafi, ajin baftisma, zaman dattawa, ziyarar marasa lafiya, sulhun mata da miji da ba ya ƙarewa sai tsakar dare, ɗaurin aure ranar Asabar, jana'izar da ba ta sallama, taron LCC (majalisar ikilisiyoyin ƙaramin yanki), taron DCC (majalisar gunduma da ke samanta), ga ƙaramar majami'ar ƙauyen gaba da ba ta da mai bishara. Sai ka sa alama a kan abin da in ba kai ba babu mai iya yi. Za ka tarar ba su da yawa: wa'azi da shirinsa, Jibin Ubangiji, baftisma, ɗaurin aure, da wasu matsaloli masu nauyi. Sauran akwai masu iyawa a kan bencinka, wasu ma sun fi ka iyawa. Fitowa sura 18 kowa ya san ta da shawarar Yetro ta naɗa shugabannin dubu da na ɗari da na hamsin da na goma, amma mutane kan tsallake farkonta. Abin da ya kawo Yetro jeji shi ne ya maido wa Musa matarsa Ziffora da 'ya'yansa biyu, Gershom da Eliyezer. Surukin da ya gama riƙe maka iyali, ya kwana ya ga kana zaune da jama'a daga safe har yamma, shi ne ya ce abin da kake yi ba shi da kyau. Manzanni ma da rabon abinci ya nemi ya cinye su, sun ce a zaɓi mutum bakwai. Afisawa 4 ta ce aikin makiyayi shi ne ya shirya tsarkaka su yi hidima. Faston da ke yin komai da hannunsa ya hana ikilisiya girma, ya kuma hana gidansa uba.

A nan ne wahalar take, kuma ba daga dattawa take zuwa ba. Akwai daɗi a ce babu abin da ke tafiya sai Baba Fasto ya zo. A waje ana tashi a ba ka kujera, ana sa maka nama mai kyau, ana cewa wa'azin jiya ya taɓa zuciya. A gida kuwa kuɗin makaranta ne, da yaro mai ɗaure fuska, da mace da ta gaji. Mutum ba ya buƙatar zama mugu kafin ƙafarsa ta riƙa kai shi inda ake yabonsa. Ka bincika kanka a kan wannan kai kaɗai, ba sai ka ba ni amsa ba.

Ranar hutu ɗaya a mako, wadda aka sanar daga bagade kowa ya ji, da yamma biyu da kake gida ana cin tuwo da kai, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zan ce ka nema. A faɗi sunan dattijon da za a nema a ranar. Rasuwa da haɗari da naƙuda mai wuya ba sa jiran rana, za ka tashi, yaranka ma za su gane. Rikicin da ya shekara uku yana dahuwa kuwa zai iya jiran gobe. Wayarka ma ta san akwai ranar hutu.

Sai maganar gidan kansa. Yawancinmu a harabar majami'a muke zama, kuma jama'a sun ɗauki gidan fasto kamar ofishin ikilisiya. Ana shiga ba sallama, baƙo ya zo a kwashe tuwon yara a ba shi, mai wa'azin falkaswa ya sauka a tashi yaro daga ɗakinsa. Wa ke share majami'a in masu shara ba su zo ba? Wa ke kaɗa ƙararrawa, ya jera benci, ya tada janareta? Ɗan fasto. Ba a tambaye shi ba, ba a gode masa ba, ranar da ya makara kuma kowa na da bakin yi masa faɗa. Ɗan dattijo ya yi abu a ce yaro ne, naka ya yi irinsa a ce ɗan fasto guda. Karɓar baƙi yana cikin sharuɗɗan da Bulus ya lissafa, ban ce ka rufe ƙofa ba. Amma a sami iyaka: zaure ko ofis na jama'a ne, cikin gida na iyali ne. Ka kuma gaya wa ikilisiya a fili, cikin fara'a, cewa abin da ake nema a wurin kowane yaro mai shekara 15 shi ake nema a wurin naka, ba ƙari, kuma wanda ya ga laifinsa ya same ka a keɓe. Yaro yana bukatar ya ji da kunnensa ubansa ya tsaya masa ko sau ɗaya.

Abu biyu ka daina daga yau in kana yi. Kada ka kawo shi misali a wa'azi, ko na yabo ne, sai da izininsa. Kuma ka cire “me mutane za su ce” da “kana zubar mini da mutunci” daga bakinka. Yaron da aka yi wa tarbiyya da waɗannan kalmomi yakan koyi abu ɗaya: matsalar ba zunubi ba ce, a gan ka ce matsalar. Irin wannan yaro ko dai ya yi tawaye a fili, ko ya ƙware a fuska biyu, ya yi waƙa a gaba ranar Lahadi ya yi abin da ya ga dama ranar Litinin. Tsakanin biyun, naka da ya fito fili ya fi sauƙin taimako.

Maganar uwargida kuwa, gaskiya ta faɗa maka, kuma ta daɗe tana haɗiye ta kafin ta furta. Ikilisiya mutum ɗaya ta ɗauka aiki, albashi ɗaya take biya, amma sau da yawa biyu take mora. Ana so Mama ta ja Zumuntar Mata, ta koyar a makarantar Lahadi, ta dafa wa baƙin taro, ta je kowace barka da kowace gaisuwar mutuwa, yaranta kuma su fi na kowa tsabta. In tana da baiwar shugabanci tana kuma so, madalla. In ba haka ba, ita 'yar ikilisiya ce kamar sauran mata, kai ne kuma za ka kare ta. Kafin ka zauna da yaron ka zauna da ita, ka tambaye ta abin da ta gani, ka yi shiru har ta gama. Ta san lokacin da ya fara canzawa, wataƙila ta san dalilin.

Dalilin kuwa sau da yawa ba inda muke nema yake ba. Na sha zama da 'ya'yan fastoci da suka yi nisa da coci, kuma kaɗan ne suka ce Yesu ne ba su yarda da shi ba. Abin da suke faɗi shi ne sun ga yadda aka yi da babansu. Albashi ya yi wata biyu bai fito ba, an koro su daga makaranta, ranar Lahadi kuma baban ya hau bagade yana godiya ga ikilisiya. Sun ji ta taga yadda aka ɗaga masa murya a zaman dattawa. An yi musu canjin wurin aiki a tsakiyar zangon karatu, suka bar abokai ba ko sallama. Sun ji iyayensu da dare suna ambaton sunayen mutanen da gobe za su miƙa wa Jibin Ubangiji. Yaron da ya ga wannan yakan riƙe fushin da uban ya haɗiye. Saboda haka maganar zaman dattawa ta tsaya a ofis, in za ku yi ta da Mama ku tabbata babu kunne kusa. Batun kuɗi kuma kada kunya ta hana ka koya wa ikilisiya 1 Timoti 5:17-18, cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. A surar nan ce kuma aka ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Noma da kiwo da 'yar sana'a ba su rage wa fasto daraja, Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskila.

Yanzu sujadar gida. Kuskuren da fastoci suka fi yi shi ne mai da ita ƙaramar majami'a: waƙa uku, sura guda, bayani mai kashi uku, addu'a mai tsawo, yara suna gyangyaɗi. Wasu ma a nan suke gwada wa'azin Lahadi. Mafi muni shi ne mai da ita kotu, a zaɓi ayar da ta dace da laifin da yaro ya yi da rana, ko a yi masa faɗa ta cikin addu'a: “Ya Ubangiji, ka karya taurin kan wani a cikin gidan nan.” Kowa ya san wanin. Wannan ba addu'a ba ce, habaici ne da ido a rufe, kuma yaro ba zai ce amin da zuciya ɗaya ba. Minti goma zuwa sha biyar sun isa, a lokacin da ba ya canzawa. Waƙa ɗaya, yara su riƙa zaɓa bi da bi. Ayoyi kaɗan, a bi littafi ɗaya a jere, Markus ko Farawa ko labarin Dawuda, domin yara su ji labari yana tafiya. Tambaya ɗaya da kowa zai iya amsawa. Addu'a gajera a kan abubuwan da ke gaban gidan da gaske, jarrabawa, ciwon kaka, damina. Ranar da ba ka nan Mama ta ja, ranar da kana nan ma wani lokaci ta ja kai ka saurara. Timoti a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya fara sanin Littafi.

Ka duba kuma wane juyi kuke karantawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 yana da daɗi a kunnen waɗanda suka tashi da shi, amma Hausarsa ta yi wa yaran yau nauyi. Na 1979 ya fi musu sauƙi, akwai ma sababbi bayansa. In yaron ya fi gane na Turanci saboda makaranta, ya karanta nasa, ku tattauna da Hausa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ma ba ta tsaya ga zaman sujada ba. Ta ce a yi zancen maganar Allah ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, za a kwanta, an tashi. Duk huɗun suna bukatar uba yana wurin.

Akwai wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman, kai ma ka san shi: kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Al'adar tana da kyanta, kuma a tsarin da ta fito ba ta cutar da yaro, domin a babban gida akwai kaka mai wasa da shi, akwai baffa da kawu da gwaggo, sau da yawa ma su ke riƙonsa. Kai kuwa aiki ya ɗauke ka daga dangi ya kai ka garin da ba ka da kowa. Kunyar ta biyo ku, kakannin ba su biyo ku ba. Yaron ya rasa nan ya rasa can. A bakin Urdun, Uba na sama ya faɗa a fili cewa wannan Ɗansa ne ƙaunatacce wanda yake jin daɗinsa ƙwarai, tun kafin Ɗan ya yi wa'azi ko ɗaya. Ban ce ka watsar da al'ada ka riƙa rungumarsa a kasuwa ba. Amma yaron nan ya taɓa ji daga bakinka cewa kana jin daɗinsa, ba don ya yi waƙa ko ya ci jarrabawa ba?

Kada ka kira shi ɗaki ka zaunar da shi ka ce za ku yi magana. Zai sunkuyar da kai ya ce “ba komai, Baba” har ka gaji. Samari sun fi magana in hannu yana aiki ido kuma ba ya cikin ido. Ka ɗauke shi a babur zuwa kasuwar ƙauye, ku je gona ku biyu, ka ce ya koya maka wani abu a waya. Ranar Asabar ka bi shi gidan kallon, ka biya kuɗin mutum biyu, ka tambaye shi wa ke buga lamba tara. Za a yi magana a gari, a yi. Makonnin farko kada ka kawo zancen coci ko kaɗan, domin yana jira ya ga ko tarko ne. Susanna Wesley, matar fasto ce a Epworth ta Ingila, da yara cike da gida da miji mai yawan tafiya, ta ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai a mako. John, wanda ya kafa Methodist daga baya, daren Alhamis ne nasa, kuma ya girma yana tunawa da shi.

In ya fara magana, ka shirya jin abin da ba ka so. Yaro Bahaushe Kirista a ƙasar Katsina yana ɗauke da kayan da ɗan Jos ko Kagoro bai sani ba. A aji ana tambayarsa yadda Allah zai zama ɗaya kuma uku, ana ce masa an canza Littafinsu, wani ma ya ce masa Bahaushe ba ya zama Kirista. Yawanci ba da mugunta ba ne, abokansa ne, abin da suka ji suke faɗi. Amma shi ba shi da amsa, kuma yana tsoron tambayarka domin ɗan fasto bai kamata ya yi shakka ba. In ya kawo irin wannan, ka gode wa Allah. Ka amsa a natse, ba tare da zagin maƙwabta ko addininsu ba, domin da su zai zauna, wasunsu ma danginku ne. Wadda ta fi ƙarfinka a take ka ce masa ku bincika tare. Toma ya yi mako guda yana shakka a tsakiyar almajirai, ba wanda ya kore shi.

Ka rarrabe abin da doka ke iya yi da abin da ba ta iyawa. Zuwa sujadar safiyar Lahadi da zama a sujadar gida dokar gidanka ce, muddin yana cin tuwonka zai bi, kamar yadda yake bin dokar lokacin dawowa da dare. Ka faɗa masa haka ba tare da tsawa ba. Ƙungiyar mawaƙa kuwa hidima ce ta son rai, ka ƙyale shi. Sujadar yamma ku yi ciniki a kai kamar manya. Baftisma kuma, ina roƙonka, kada ka tura shi aji domin sa'o'insa sun shiga ana kallonka. A ɗarikarmu mutum da bakinsa yake shaida kafin ya shiga ruwa. In ka matsa masa zai haddace amsoshi ya ci tambayoyin dattawa, ka sami ɗa mai katin baftisma wanda ya koyi cewa ana iya yi wa Allah ƙarya a gaban jama'a.

Bulala fa? Na san Karin Magana 13:24, na kuma san Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, inda aka ce wa ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, kada su matsa musu har su karai. Ubanni aka kira da suna a wuraren biyu. Saurayi mai shekara 15 da aka daka saboda an karanta wa ubansa aya a zaman dattawa ya san sarai ba horo aka yi masa ba, huce haushi aka yi a kansa. In ya karya dokar da kuka yi, a karɓe waya na kwanaki, a hana shi kallon wasan mako, a ba shi aiki. A faɗi hukuncin tun kafin laifin, a kuma cika shi ba ƙari ba ragi. Makarantar kwana ba laifi ba ce in don karatu ne kuma da shawararsa, yara da yawa ma a can suka sami Ubangiji ta wurin FCS, ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, wadda ta faro a Gindiri a 1957. Amma in ka kai shi yanzu, saƙon da zai karanta shi ne an kawar da shi domin aikin Baba ya tafi daidai. Abin da zai fi amfani shi ne wani namiji mai hankali wanda ba kai ba, hafsan Boys' Brigade, ko malamin makaranta, ko kawunsa, wanda zai iya gaya wa abin da ba zai gaya maka ba. Kada ka mai da mutumin ɗan rahoto.

Duk wannan na faɗa ne bisa abin da ka rubuta. In akwai ƙari, wato kuɗi suna ɓacewa a gida, yana kwana a waje, idonsa da maganarsa sun canza, ka ga kwalaben maganin tari ko ƙwayoyi, to magana ta canza. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma shi da tiramadol ba su bar ƙauyukanmu ba. Haka in ya daina cin abinci, ya daina wanka, yana zancen mutuwa ko cewa gara ba a haife shi ba. A nan addu'a da likita tare za su tafi, kuma ba a jira. Ka nemi hutu daga DCC ka kai shi asibiti da kanka, kada tsoron bakin mutane ya sa ka ɓoye.

Ajiye aiki kuwa ba yanzu ba. In ka ajiye saboda shi, ka ɗora wa yaro kayan da zai ɗauka har tsufansa, cewa shi ya fitar da ubansa daga aikin Allah. Abin da za ka nema a wurin shugabannin DCC shi ne hutunka na shekara, ka kuma tafi da iyali wajen dangi ka yi shi da gaske, sa'an nan ka roƙa a rubuce kada a yi maka canji sai yaron ya gama WAEC. Su ma iyaye ne, da yawansu sun sha irin wannan a gidajensu ko da ba su faɗa ba.

Dattijon nan kuma kada ka amsa masa a zama. Ka je gidansa da yamma, ka gaishe shi, ka ce Baba na ji ayar da ka karanta, gaskiya ce, ina so in yi biyayya da ita, amma sai kun taimake ni. Sai ka roƙe shi ya karɓi addu'ar tsakiyar mako da ziyarar unguwarsu na wata uku, kuma shi ne zai gabatar da maganar ranar hutunka a zama mai zuwa.